Shekara 18: Wa Ya Ƙidaya Ta?

'Yan'uwana masu koyon aikin malanta, akwai wata rana a rayuwar kowane yaron da za mu koyar wadda ba a yi mata biki, ko kaza ba a yanka mata, amma doka ta ɗauke ta da girma ƙwarai. Ita ce ranar da ya cika shekara 18. Jiya da dare yaro ne, yau da safe babba ne a idon hukuma, ko da gemu bai tsiro masa ba, ko da har yanzu uwarsa ce ke ba shi kuɗin mota. Yawancin yaranmu ba su san abin da ke sakewa a wannan rana ba, waɗansu ma ba su san ranar kanta ba. A ganina mu malamai muna da hannu cikin duka biyun.

Kakanninmu ba su ƙidaya girma da kalanda ba. Sukan duba jiki da aiki: saurayi ya iya riƙe garma, ya yi ɗaki nasa, ya yi aure, to ya zama mutum. Malaman Musulunci suna da alamun balaga. Ita kuwa En'e, ranar da dagaci ya sa sunanka cikin masu biyan haraji, ranar ka girma, har aka zo 1979 gwamnatocin Kano da Kaduna suka soke harajin. Yanzu kuwa tsarin mulkin 1999 ya ce cikar shekaru 18 ne, dokar haƙƙin yara ta 2003 kuma ta ce duk wanda bai kai 18 ba yaro ne.

Abin da kowa ya sani shi ne ƙuri'a. A zaɓen 1959 sai mai shekara 21 ke jefawa, matan Arewa kuwa ko sun yi furfura ba a ba su ba. Tsarin mulkin 1979 ne ya sauko da shekarun zuwa 18. Lasin tuƙin mota ma daga 18 ne. Amma wanda ya isa ya zaɓa bai isa a zaɓe shi ba tukuna. Bayan gyaran da aka yi a 2018, mai son shiga majalisar jiha ko ta wakilai sai ya kai 25, mai son gwamna ko majalisar dattawa ko shugaban ƙasa sai 35.

Kada saurayi ya zaci kowace ƙofa ta buɗe. Dokar filaye ta 1978 ta hana gwamna ya ba wanda bai kai 21 ba takardar mallakar fili da sunansa. Haka kuma mai son aure irin na rajista, wanda mu da muka tashi a hannun mishan muka fi sani, in bai kai 21 ba sai ya kawo yardar iyaye a rubuce. Watau kana iya zaɓen shugaban ƙasa ba ka tambayi kowa ba, amma zaɓen matar da za ka zauna da ita sai da sa hannun baba. Ni dai wannan ban ga laifinsa sosai ba.

Inda maganar ta yi nauyi shi ne gaban alƙali, nan ne kuma ba a faɗa wa yara kome. Bisa dokar 2003, yaron da ya yi laifi kotun iyali ake kai shi, ba a buga sunansa a jarida, ba a yanke masa ɗauri a kurkuku, ba a yi masa bulala, balle hukuncin kisa. Dokar shari'ar laifuffuka ta 2015 ta ƙara nanata cewa wanda bai kai 18 ba sa'ad da ya aikata laifin ba za a yanke masa hukuncin kisa ba. Ran da ya cika 18 duk wannan inuwa ta kau. Faɗan da aka yi a filin ƙwallo bara aka kira iyaye aka sasanta, bana irinsa yana iya kai mutum kurkuku tare da manyan ɓarayi, ya kuma bar masa tabo a takarda wanda zai bi shi duk inda ya je neman aiki. Mun ga abin da ya faru a Abuja ran 1 ga Nuwamba 2024, da aka gurfanar da waɗanda aka kama wajen zanga-zangar watan Agusta, cikinsu har da ƙananan yara, waɗansu suka faɗi sumammu a gaban kotu. Abin da ya tayar da hankalin jama'a har Shugaba Tinubu ya ba da umurni a sake su shi ne shekarunsu. To, yaya yaron da ba shi da abin da zai nuna shekarunsa?

Ga 'yan mata kuwa zancen ya fi rikitarwa. Dokar 2003 ta hana aurar da wadda ba ta kai 18 ba, amma dokar tarayya ce, ba ta aiki a jiha sai majalisar jihar ta karɓe ta. Sa'an nan sashe na 29 na tsarin mulki, mai magana a kan barin zama ɗan ƙasa, ya ce matar da ta yi aure a ɗauke ta ta cika shekaru. A 2013 majalisar dattawa ta so ta cire wannan, Sanata Ahmed Sani Yarima ya ƙi, aka sake ƙuri'a, ya zauna daram.

Duk waɗannan dokoki sun dogara ga abu guda, watau ranar haihuwa. Wa ya rubuta ta? Tun 1992 doka ta wajabta a yi wa kowane jariri rajista wurin hukumar ƙidayar jama'a, amma je ka makarantar ƙauye ka tambayi iyaye takardar haihuwa ka gani. Uba zai ce an haife shi shekarar da ruwa ya ci gada, uwa ta ce ai sa'an wance ne. Sai malam ya dubi tsawon yaro ya rubuta 1 ga Janairu. A da ma cewa ake yi yaro ya ɗora hannu bisa kai ya taɓo kunne, in ya taɓo ya isa shiga aji ɗaya. Abin da malam ya rubuta ran nan cikin gaggawa, shi zai bi yaron zuwa takardar gama firamare, zuwa jarrabawar sakandare, zuwa katin ɗan ƙasa, wata rana ma zuwa gaban alƙali.

Wannan kuskuren rashin sani ne. Akwai kuma na ganganci. Iyaye sukan zo su roƙi hedimasta a rage wa yaro shekara biyu don kada ya tsufa kafin ya sami aikin gwamnati, ko a ƙara masa don ya isa jarrabawa. A 2024 da ministan ilmi na lokacin, Farfesa Tahir Mamman, ya ce sai mai 18 zai shiga jami'a, kafin wanda ya gaje shi ya mai da ita 16, ba wanda bai ji ana zancen gyara takardu ba. Malam ya gyara, yana ganin ya yi taimako. Bai sani ba, yaron da ya ƙara wa shekara biyu ya cire masa kariyar doka ke nan tun yana 16, yarinyar da ya ƙara wa kuma ya sauƙaƙe wa mai son cire ta daga makaranta.

Shawarata biyu ce, ina kuma roƙon malamanmu na kwaleji su duba. Kafin a tura mu gwajin koyarwa, a koya mana yadda ake cika rajistar shiga makaranta: a nemi takardar haihuwa, in babu a nemi katin asibiti na rigakafi, ko takardar baftisma, ko shaidar limamin da ya raɗa suna, in duk babu a rubuta a gefe cewa ƙiyasi ne, a kuma tura iyaye ofishin ƙidaya. Ta biyu, kowane ɗan ajin ƙarshe na sakandare a ba shi darasi ko da guda biyu ne a kan abin da doka za ta ba shi da abin da za ta karɓe masa ran da ya cika 18. A gayyato lauya ko alƙalin majistare na garin ya tsaya gaban allo, yaran su yi masa tambayoyi da bakinsu, iyayen da suke so su zo su zauna a baya.