Asabar Ɗin Mama Mai Kemis

Yau ina so mu ɗan taɓa wata magana da ta daɗe tana yi mini yawo a zuciya.

Mu da aka haifa a nan Aba mun saba ganin kasuwar Ariaria a rufe ran Lahadi, ba ma tambayar dalili. To amma a layinmu akwai wata dattijuwa mai kemis, ita ran Asabar take rufewa. Daga faɗuwar ranar Juma'a har faɗuwar ranar Asabar, ko fanadol ba za ta sayar maka ba. 'Yar cocin Adventist ce, waɗanda wani mishan mai suna David Babcock ya kawo Najeriya a 1914. Ina yaro mukan yi mata dariya, mu ce ranar da aka fi ciniki ita take barci.

Wata Asabar da rana zazzaɓi ya kayar da wani yaron shagon Baba, har yana sambatu. Na ruga gidanta ina jin kunyar ƙwanƙwasawa. Ta fito da kayan coci a jikinta, ta buɗe kemis, ta ba da magani, ta sa ɗanta ya kai mu asibiti a mota. Na miƙa kuɗi ta ce, “Ɗana, ajiye. Yau ba na ciniki, taimako ne, shi kuwa ba a hana ni ba.”

Bayan kwana biyu na tambaye ta, na ce Mama, ashe ba ki karya dokarku ba? Ta ɗauko Linjilar Markus, babi na 2 da na 3, ta yi mini bayani. Almajiran Yesu suna ratsa gona ran Asabar, suka tsinki zangarniya, Farisiyawa suka ce sun yi aiki a ranar hutu. Shi kuma ya tuna musu yadda Dawuda ya ci gurasar da aka keɓe wa firistoci lokacin da yunwa ta kama shi da mutanensa. Daga nan ya warkar da wani mai shanyayyen hannu a majami'a, shi ma a ranar Asabar. Fahimtarsu ita ce don amfanin ɗan Adam aka sa hutun, saboda haka duk wanda ya bar mutum cikin wahala don kare ranar, ya riƙe kwanon ne ya zubar da tuwon.

Ba duka Kiristoci ne suka yarda da ita kan Asabar ba. Mafi yawansu Lahadi suke riƙewa, domin a imaninsu ran nan Yesu ya tashi daga matattu, kuma a shekarar 321 Sarki Kwanstantin na Rum ya mayar da ita ranar hutu a hukumance. Wannan gardamarsu ce, ni ba ruwana.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne wanda ta nuna mini a Attaura, cikin Maimaitawar Shari'a babi na 5. Hutun ba na maigida kaɗai ba ne. An haɗa da bawa da baiwa da baƙo, har sa da jaki.

Jama'a, mu dubi kanmu. Mu Musulmi ba a ɗora mana hutun yini guda ba. In an kira sallar Juma'a mu bar ciniki, in an idar mu koma neman halal. Wannan sauƙi ne daga Allah. Amma yara nawa aka kwaso daga gida suna sauke buhunan albasa da wake kwana bakwai a mako? Lahadin da kasuwa ke rufe, ita ce ranar da muke sa su shirya sito da wankin mota. Yaron nan da ya faɗi, wata huɗu bai huta yini ɗaya ba, kuma ni ma ina cikin masu aikensa.

Na yi wa Baba maganar, da ladabi. Ya yi shiru, can ya ce su a zamaninsu wa ya ba su hutu? Gaskiyarsa ce, haka ya taso. Duk da haka tun daga lokacin ba a kiran yara sito ran Lahadi sai in mota ta iso daga Arewa. Ina fatan shugabannin ƙungiyarmu za su sa wannan batu a zama na gaba, a yanke wa kowane yaron shago yini ɗaya nasa, a kuma faɗa wa iyayensa tun ranar da za a ɗauko shi.