Rubutun Nasta'aliƙ: Ƙawarsa da Iyakarsa

Duk alhajin da ya taɓa zama kusa da mutumin Pakistan a Masallacin Harami, mai yiwuwa ne ya ga Alƙur'ani mai fassarar Urdu a hannunsa, da rubutu iri biyu a shafi guda. Ayoyin suna zaune daram a kan layi da cikakkun wasulla, fassarar kuwa tana ƙarƙashinsu da wani siririn rubutu mai gangarowa kamar an rataye kalmomin. Na farkon shi ne Nasihi, na biyun shi ne Nasta'aliƙ, kuma a kansa za mu yi bayani a wannan mako.

Wannan rubutu a ƙasar Farisa ya samo asali cikin ƙarni na 14, ana kuma jingina tsara ƙa'idojinsa ga Mir Ali Tabrizi. Sunan ya fito ne daga haɗa Nasihi da Ta'aliƙ, watau rubutun ratayewa. Kowace kalma tana farawa daga sama ta dama, ta zubo ƙasa ta hagu. Alif gajere ne siriri, sin da kaf ana jan su da tsawo, nun da ya kuwa ana zagaye cikinsu kamar ƙoƙo. Da alƙalamin kara mai feƙe a karkace ake yinsa, shi ya sa layi guda yakan fara da kauri ya ƙare kamar silin gashi. Gwanin da aka fi yabawa a wannan fanni shi ne Mir Imad, wanda aka kashe a Isfahan a 1615.

Farisawa sun yi amfani da shi sosai wajen rubuta waƙa, da shi aka kwafi diwanan Hafiz da Sa'adi. Turkawan Daular Usmaniyya sun yi amfani da shi wajen rubuta fatawoyi da allunan kaburbura. A Indiya kuma ya zama rubutun Urdu, har yau.

To, abin lura shi ne, duk da ƙawarsa, marubuta ba su mai da shi rubutun Mus'hafi ba. Akwai 'yan kwafi kaɗan, kamar wanda Shah Mahmud Nishapuri ya rubuta a 1538, yana ajiye a fadar Topkapi ta Istanbul, amma ba su zama abin koyi ba. Dalili kuwa a fili yake. Nasta'aliƙ yana cusa baƙaƙe cikin juna, yana ɗora kalma bisa kalma, har wurin sa fataha da kisira da shadda ya ƙuntata, alhali kuwa a karatun Alƙur'ani wasali guda yana iya juya ma'ana. Saboda haka bugun Alƙahira na 1924 da Mus'hafin Madina na hannun Usman Ɗaha duka da Nasihi aka yi su.

Maɗaba'a ma ta sha wuya da wannan rubutu. Haruffan dalma a jere suke zama kan layi ɗaya, shi kuwa ba ya yarda da haka. Mutanen Urdu ba su yarda su canja rubutunsu don injin ba, sai suka rungumi bugun dutse, inda magatakarda ke rubuta shafi da hannu a buga shi yadda yake. Haka aka riƙa fitar da jaridunsu kullum har zuwa 1981, lokacin da Mirza Ahmad Jamil, tare da kamfanin Monotype, ya fito da haruffan kwamfuta mai suna Noori Nastaliq, bayan ya zana dubban haɗe-haɗen baƙaƙe da hannunsa. Jaridar Jang ce ta fara bugu da su.

A nan akwai darasi gare mu. Mu ma muna da rubutunmu na allo da na ajami, mai fa da ɗigo a ƙasa da ƙaf mai ɗigo ɗaya a sama, kuma a 2017 an fitar da haruffan kwamfuta masu suna Alkalami bisa salon rubutun Kano. Ya kamata masu buga littattafanmu su neme su, kada yaran da suka tashi a makarantar allo su wayi gari rubutun iyayensu ya zama baƙo gare su.

Sa'an nan muna jan hankalin 'yan kasuwa da ma'aikata masu ba da aikin kalanda, da katin ɗaurin aure, da allon kanti. Yanzu mai kwamfuta yana da haruffa iri-iri, kuma sau da yawa abin da ya fi kyau a ido yake zaɓa. Idan sunan kanti ne ko baitin waƙa, babu laifi a ƙawata shi da Nasta'aliƙ. Idan kuwa aya ce ko hadisi, a sa Nasihi bayyananne, a kuma kai wa malami ya duba ɗigo da wasali kafin a buga kwafi dubu, domin kuskuren da ya shiga gidajen mutane da wuya a iya janye shi.

Allah Ya sa mu dace, amin.