Me ake nufi da yi wa doka “karan tsaye”?

Kusan kullum sai ka ji an ce wane ya yi wa doka karan tsaye. Kalmar ta fi “karya doka” nauyi. Ɓarawo a ɓoye yake karya doka, yana tsoron kamu. Mai karan tsaye kuwa ya san dokar sarai, amma ya take ta da rana tsaka, domin ya tabbata babu mai taɓa shi.

Dubi batun Sambo Dasuki. Kotunan Najeriya sun ba da belinsa, kotun ECOWAS ta ce a sake shi a 2016, amma gwamnati ta tsare shi har Disamban 2019. Idan mahukunta suka raina hukuncin alƙali, ina talakan da aka ƙwace wa gona zai kai kukansa?