Kafin a Yi wa Kwamfuta Fomat, a Ceci Rubutun



Da zarar kwamfutar gida ta yi nauyi, shawarar da aka fi bayarwa ita ce a kai ta wajen mai gyara ya yi mata fomat. A ganinmu wannan gaggawa ce mai tsada, musamman ga marubuci. A cikin kwamfutar nan akwai babi ashirin da aka kwashe shekara biyu ana rubutawa, kuma fomat ba ya tambaya kafin ya share. Kwamfuta ana samun wata a kasuwa, amma littafin da ya ɓace babu shagon da ke sayar da shi.

Mu fara da gane ciwon, domin ba kowane nauyi ne bairos ba. Ƙurar hunturu kan toshe fanka, inji ya yi zafi ya rage gudu. Ma'ajiya ma in ta cika maƙil, komai sai ya riƙa jan ƙafa. Alamomin bairos daban suke: fanka na ƙugi alhali ba a buɗe komai ba, tallace-tallace na faɗowa, shafin farko na burauza ya sauya da kansa, data na ƙarewa ba dalili. A danna Ctrl da Shift da Esc tare, Task Manager zai nuna abin da ke cinye ƙarfin injin. Akwai muggan manhajoji da ke haƙa wa masu su kuɗin kirifto da kwamfutar mutum, shi kuwa yana can yana zargin tsufa.

Ƙofa biyu ce aka fi shigo mana ta ita. Ta farko filas. Marubuci ya kai rubutunsa shagon buga takardu, ya soka a kwamfutar da filas ɗari suka ratsa, ya dawo gida ya tarar fayilolinsa sun koma gumaka masu 'yar kibiya a gefe. A nan ne mutane ke firgita su yi wa filas fomat, alhali galibi rubutun yana nan, ɓoye shi kawai aka yi. Kada a danna gumakan, danna su ne ke sakin bairos ɗin. Umarni guda mai suna attrib yana fito da ɓoyayyun fayiloli, kuma duk mai gyaran da ya san aikinsa ya san shi.

Ƙofa ta biyu manhajar sata ce. Duk manhajar da ta ce sai an kashe mai gadin kwamfuta kafin a saka ta, ta riga ta faɗi nufinta. Wanda ba shi da kuɗin Microsoft Office, ga LibreOffice nan kyauta, tana buɗe fayilolin Word tana kuma adana su.

To, in ciwon ya riga ya kama fa? A cire intanet tukuna. A kwashe rubuce-rubuce da hotuna kaɗai zuwa wata ma'ajiya mai tsabta, ban da manhajoji. Sannan a mayar da intanet a sabunta Windows Security, a sa ta bincike komai, har da abin da aka kwashe. Bayan nan a zaɓi Microsoft Defender Offline, wanda ke sake kunna kwamfutar ya yi bincike kafin Windows ta tashi, lokacin da bairos bai samu damar ɓuya ba. Malwarebytes na kyauta na iya duba abin da ya saura. A cire duk baƙuwar manhaja, a sauya kalmomin sirrin imel da Facebook ta waya. Fomat shi ne na ƙarshe, in duk wannan ya gaza.

Mun san za a ce sabunta Windows na cin data, data kuma kuɗi ce. Gaskiya ne. Amma a watan Mayun 2017 bairos ɗin WannaCry ya kulle fayiloli a ƙasashe sama da 150, har asibitocin Birtaniya suka riƙa mayar da marasa lafiya gida, alhali tun watan Maris Microsoft ta fitar da abin toshe ɓarakar. Waɗanda ba su sabunta ba ne aka kama. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. Masu Windows 7 kuma su sani tun Janairun 2020 aka daina aiko musu da irin wannan kariya.

Irin wannan bairos mai garkuwa da fayiloli, ko an cire shi, abin da ya kulle ba ya buɗewa. Maganinsa kwafi ne. Littafi sukutum a Word sau da yawa bai kai nauyin hoto ɗaya na waya ba, Google Drive kuwa na ba da gigabait 15 kyauta.

Saboda haka aikinmu na wannan mako ba sabon labari ba ne. Kowa ya tura wa kansa rubutunsa ta imel kafin ya kwanta yau, ya ajiye wani kwafin a filas da ba ya zuwa shago. Wanda ya yi, ya faɗa mana a ƙasa.