LAFIYA UWAR JIKI: Ciwon gwiwa da ciwon hanta

Ƴan'uwa manoma da makiyaya, a wannan wata za mu yi magana kan gwiwa da hanta.

Manomi ya dawo daga gona gwiwa na ciwo, sai ya ce gajiyar noma ce. Sau da yawa haka ne. Amma wani lokaci tushen ciwon yana cikin hanta.

Akwai ƙwayoyin cuta biyu masu zama cikin hanta shekara da shekaru. Likitoci suna kiran su epatit B da epatit C. Suna iya sa ciwon gaɓoɓi, har da gwiwa, tun ido bai yi shawara ba. In hanta ta daɗe da lalacewa, naman cinya yana zubewa, ƙashi ya yi rauni, ciki da ƙafafu su kumbura. Nauyi duk sai ya koma kan gwiwa.

To, ga inda haɗarin yake. Mai ciwon gwiwa yakan sayi ƙwayoyi wurin masu talla a kasuwa. Diklofenak da ibuprofen suna iya sa mai ciwon hanta aman jini, su ɓata masa ƙoda. Parasetamol in ya yi yawa yana ƙara ɓata hanta. Wani kuma ya tafi a yi masa tsaga ko ƙaho a gwiwa. Askar da ta taɓa jinin wani tana iya ɗauko cutar hanta ta sa wa mai lafiya.

Ga abin da za mu kiyaye:

1. In ciwon gwiwa ya zo da kasala, ko ido ya yi rawaya, ko fitsari ya yi ja, ko ciki ya kumbura, a tafi gidan likita a auna jini.

2. Kar a sha ƙwaya sai wadda likita ya ba da.

3. Kowa ya je wurin wanzami da sabuwar rezarsa.

4. A guji giya da gujiyar da ta yi funfuna.

5. A kai jarirai rigakafi a sati 6, 10 da 14. Tun 2008 allurar epatit B tana cikin rigakafin yara a Nijar.

Epatit C yana warkewa da maganin wata 3. Epatit B kuwa ana danne shi da magani. Wanda ya je da wuri shi ke cin riba.

In ka karanta, ka karanta wa maƙwabcinka. Allah ya ba mu lafiya da damina mai albarka. Sai wata mai zuwa.