Gyaran Tabarau a Gida: Kada Garin Neman Gira a Rasa Ido

Duk wanda ya ratsa Zauro, a kan hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu, da wuya ya rasa ganin dattijo sanye da tabarau wanda aka ɗaure ƙafarsa da zare ko waya. Masu ilmin zamani sukan yi wa wannan dabara dariya, su ce jahilci ne. Alhali kuwa ba haka abin yake ba. Manomin da ke fama da shinkafarsa a fadamar Rima ba zai bar aiki ya biya kuɗin mota zuwa Birnin Kebbi domin noti guda ya kwance ba. Saboda haka abin da ya kamata shi ne a koya wa jama'a gyaran da ya dace, a kuma nuna masu iyakarsa.

Galibi idan mutum ya haura shekara 40, ganinsa na kusa yakan ragu. Malami ya kasa karanta littafi, tela ya kasa zura zare a allura. Tabarau shi ke mayar masu da sana'arsu, amma fa sai ya zauna daidai. Dalili kuwa shi ne, kowane gilashi yana da tsakiya wadda aka auna ta fuskanci ƙwayar ido. Da zarar ya karkace, sai ido ya yi ta wahala, ciwon kai ya biyo baya, har mai shi ya jefa shi cikin akwati yana cewa bai karɓe shi ba.

Akwai gyaran da ba ya bukatar likita. Idan noti ya kwance, ɗan sukudireban mai gyaran agogo ya isa. Idan tabarau na roba yana zamewa, sai a tsoma ƙarshen ƙafarsa cikin ruwan ɗumi kamar minti 1, a lanƙwasa a hankali yadda zai kama bayan kunne. Na ƙarfe kuwa, akan matse 'yan matasan da ke kan karan hanci da yatsu. Amma kada a kusantar da shi ga wuta ko tafasasshen ruwa, domin zafi yana ɓata fuskar gilashi. Haka nan gam, in ya taɓa gilashi ya gama da shi.

Iyakar gyaran gida ke nan. In gilashi ya fashe, ko gani ya ci gaba da dushewa, to, magana ta koma asibiti, domin mai yiwuwa yanar ido ce ko hawan jinin ido, wanda ke makantarwa a ɓoye. Ya kamata ma'aikatan lafiya su riƙa bayyana wannan bambanci ranar da suka miƙa tabarau. Wanda ya san abin da zai taɓa da abin da zai bari, shi ne ba zai rasa ido garin neman gira ba.