RA'AYINMU: Ranar Faɗuwa Ake Gane Magoyin Baya



Mun sani wasu dattawa za su yi mamaki da suka ga mun ba zancen ƙwallon ƙafa wannan shafi, alhali ga damuwa jibge a ƙasar Batsari da Safana wadda ta fi ƙwallo nauyi nesa ba kusa ba. Muna roƙo a yi mana haƙuri a karanta har ƙarshe. Abin da ya sa muka ɗauko zancen shi ne wata ƙara da aka kawo gaban dattawa a ɗaya daga cikin ikilisiyoyinmu na wajen Yasore. Wani saurayi ne aka lallasa ƙungiyar da yake goyon baya sau uku a jere, sai ya cire rigarta a bainar jama'a ya jefar, mako na zagayowa ya sayo rigar ƙungiyar da ke saman teburi. Ɗan baffansa ya kira shi maci amana. Daga nan suka daina gaisawa, har a ƙofar majami'a kowa sai ya kau da kai. Da farko dattawa sun yi dariya. Da aka zauna aka duba, sai aka ga maganar ta wuce ƙwallo, ta hali ce. Ɗaya bai iya jure faɗuwa ba, ɗayan kuma bai iya riƙe bakinsa ba.

Ba sai mun je Turai neman misali ba, muna da shi a gida. Ƙungiyar jiharmu, Katsina United, ta kai wasan ƙarshe na Kofin Ƙalubale na ƙasa shekara uku a jere, kuma duka ukun ta dawo hannu rabbana. A 1995 Shooting Stars ta Ibadan ce ta doke ta. A 1996 Julius Berger ta Legas ta ɗauke kofin. A 1997 kuma BCC Lions ta Gboko ta yi gaba da shi. Waɗanda suka manyanta a cikinmu suna tuna yadda aka riƙa kasa kunne a bakin rediyo, da yadda jiki ya mutu a karo na uku. Bayan waɗannan shekaru ƙungiyar ta yi ƙasa, ta daɗe ba a jin ɗuriyarta a babbar gasa. Sai a 2016 ta samu hayewa, ta shiga gasar Firimiya ta Nijeriya a kakar 2017, filin wasa na Muhammadu Dikko da ke Katsina, wanda aka fi sani da Karkanda, ya sake cika da jama'a.

Daɗin bai ɗore ba. Gasar tana da ƙungiyoyi 20, kowacce tana buga wasa 38, huɗu na ƙarshen teburi su faɗa rukuni na ƙasa, wanda masu kallo ke kira gasar 'yan dagaji. A ƙarshen kakar 2022 Katsina United tana cikin huɗun nan. Ba ita kaɗai ba, har da Heartland ta Owerri, da MFM ta Legas, da kuma wadda ba wanda ya zata, wato Kano Pillars. Pillars ɗin nan ita ce ta ɗauki kofin gasar a 2008, ta sake ɗauka sau uku a jere a 2012 da 2013 da 2014, ta kuma ci kofin ƙalubale a 2019. Duk wannan tarihi bai hana ta faɗuwa ba. Ba kullum ake kwana a gado ba.

A wannan kakar ne kuma aka yi abin da muke so matasanmu su riƙe da kyau. A watan Afrilu na 2022 ƙungiyoyin nan biyu suka haɗu a filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata a Kano. Wasa bai kai ƙarshe ba 'yan kallo suka kutsa cikin fili, aka tsayar da wasa, aka farfasa motar 'yan wasan Katsina. Hukumar shirya gasa ta ci Pillars tara, ta zaftare mata maki, ta kuma raba ta da filinta na gida. Ƙungiyar da ke neman maki ɗaya ido rufe, sai ga masu cewa suna ƙaunarta sun jawo an ɗebe mata wanda ta riga ta samu da gumi. Kada kuma mu Katsinawa mu yi saurin nuna yatsa, gama a 2017 a cikin garin Katsina aka jefi motar 'yan wasan Enyimba ta Aba bayan an tashi wasa. Laifi tudu ne, kowa ya taka nasa ya hango na wani.

To, me ya biyo baya? A 2023 aka yi wasannin neman gurbi a Asaba, Katsina United da Kano Pillars duka suka dawo babbar gasa bayan kaka ɗaya tak, tare da Heartland da Sporting Lagos. Ranar nan kowa ya yi murna. Amma murnar ba iri ɗaya ba ce. Wanda ya bi ƙungiyar lokacin da take buga wasa a filayen da ba kowa, yana tambayar sakamako ana yi masa dariya, shi ne ya san ainihin daɗin dawowar. Wanda ya gudu ya dawo da aka ci nasara, ɗan rakiya ne kawai a bikin da ba nasa ba.

Idan aka duba wannan labari za a ga mutum iri uku. Akwai mai gudu, wanda ba ƙungiya yake so ba, nasara yake so, duk inda ta koma nan yake. Akwai mai jifa, wanda yake ganin ƙauna ita ce fushi, in an ci ƙungiyarsa sai alƙalin wasa ko baƙi ko ɗan'uwansa na kusa sun ɗanɗana kuɗarsu. Akwai kuma mai tsayawa, wanda abin yake yi masa zafi kamar kowa, amma ya haɗiye, ya gaishe da wanda ya yi nasara, mako mai zuwa ya dawo kan bencinsa. Mutane da yawa suna ɗaukar mai jifa a kan ya fi mai gudu aminci. Mu ba mu ga haka ba. Su biyun cuta ɗaya ke damunsu, wato ba su iya zama da faɗuwa ba. Ɗaya ya guje mata da ƙafa, ɗayan ya guje mata da dutse. A lissafin Afrilun 2022 ma, mai jifa ya fi yi wa ƙungiyarsa ɓarna.

Yawancin matasanmu, mun sani, hankalinsu yana kan ƙungiyoyin Ingila da Sifen fiye da na gida. Can ɗin ma labarin ɗaya ne. Liverpool ta ɗauki kofin gasar Ingila a 1990, ba ta sake ganinsa ba sai a 2020, shekara 30 cif. Jaririn da aka haifa a shekarar farko ya yi aure ya haihu kafin a sake ɗaga kofin, amma filinsu bai zama kango ba. Arsenal, wadda 'yan Nijeriya da yawa suka shiga saboda Nwankwo Kanu, ta cinye gasar 2004 ba tare da an doke ta ko sau ɗaya ba, daga nan ta yi fiye da shekara 20 tana nema. Manchester United da ta saba ɗaukar kofi kamar gadon gidansu ta ƙare a mataki na 15 a kakar da ta ƙare a 2025. Leicester kuwa da ta ba duniya mamaki a 2016, ta faɗa rukuni na ƙasa a 2023. Saboda haka mai canza riga duk lokacin da iska ta juya, bai gama sayen riga ba har ya tsufa.

Wani dattijo zai ce, to mene ne a ciki? Ƙungiyar ƙwallo ba mata ba ce, ba a ɗaura alkawari da ita a gaban shaidu ba, 'yan wasan ma ba su san da zaman yaronmu ba. Gaskiya ne, kuma ba mu ce barin ƙungiya zunubi ne ba. Kada wani ya ɗauki wannan shafi ya je ya ɗora wa yaro laifin da ba a ɗora masa ba. Abin da muke cewa shi ne, hali ba a wuri ɗaya yake tsayawa ba. A ƙaramin abu ake koyonsa, a babba a biya kuɗinsa. Yaron da ya saba tun yana ɗan shekara 15 cewa duk abin da ya daina ba shi daɗi sai ya yar, haka zai yi da sana'ar da aka kai shi koyo ranar da maigida ya yi masa faɗa, haka zai yi da adashi in kwasarsa ta yi nisa, haka zai yi da aboki ranar da aljihun abokin ya bushe. Mu da muke ƙasar noma mun san wannan. Damina takan yi gardama, gero ya ƙi, amma ba mu taɓa jin manomin kirki ya sayar da gonar gado saboda shekara ɗaya ba. Yakan duba iri, ya duba taki, ya jira ruwan baɗi.

Tsayawa kuma ba yin shiru ba ne. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Katsina United ƙungiyar gwamnatin jiha ce, da dukiyar jama'a ake tafiyar da ita, don haka duk ɗan jiha yana da ikon ya tambayi yadda ake zaɓen 'yan wasa da masu horarwa, da kuma ko ana leƙa ƙananan hukumomi irin namu ana neman yara masu basira. Magoyin baya na gaske yakan faɗi gaskiya ko da ɗaci, a shirin wasanni na rediyo ko a zaman hira, da ladabi, ba da zagi ba. Wanda ya tsaya ne ke da bakin magana. Wanda ya tafi, da wace fuska zai dawo ya ba da shawara?

Akwai wani abu da ke cin wannan hali kamar gara, kuma dole mu ambace shi, wato cacar ƙwallo ta wayar hannu. Yaron da ya sa kuɗi a kan wasa ba shi da sauran ƙungiya, takardar cacarsa ce ƙungiyarsa. Za ka gan shi sanye da rigar kulob, amma a zuci yana fatan a ci kulob ɗin domin lissafinsa ya fita. In bai fita ba, fushin da zai tashi da shi ba na wasa ba ne, na kuɗin taki ne ko kuɗin makaranta da suka salwanta. Muna roƙon iyaye su lura, in rigimar ƙwallo ta yi zafin da ya wuce hankali, a bincika, sau da yawa akwai kuɗi a ƙarƙashinta.

Kada kuma mu manta inda muke zaune. Gidan kallon ƙwallo yana cikin wurare kaɗan da 'ya'yanmu da 'ya'yan maƙwabtanmu Musulmi suke zama a benci ɗaya, su yi ihu tare, su yi baƙin ciki tare, ba mai tambayar wani sunansa. Wannan alheri ne, bai kamata a yi wasa da shi ba. Mu 'yan kaɗan ne a wannan yanki, kuma mun sani ƙaramar gardama takan fita daga ɗaki da suna ɗaya, kafin ta kai bakin kasuwa an canza mata suna. Yaronmu da ya iya karɓar tsokana ranar da aka ci ƙungiyarsa, ya yi murmushi ya ce sai wani jiƙon, ya yi wa zaman lafiyar garinsa aikin da taro goma ba su yi ba.

Saboda haka muna ba da shawara kamar haka. Na ɗaya, dattawa kada su raina abin da ke zuciyar yara. A tambayi yaro yadda ƙungiyarsa ta kwana, musamman ranar da aka doke ta, gama a nan ƙofar nasiha take buɗewa. Na biyu, shugabannin matasa su ɗauki zancen tsokana da caca su tattauna a zamansu, a fili, ba tare da kunyata kowa ba. Na uku, wasannin Turai na tsakiyar mako sukan tashi wajen ƙarfe 10 ko 11 na dare, kowa kuma ya san halin hanyoyinmu, don haka mai zuwa kallo daga ƙauye ya nemi inda zai kwana, ko ya haƙura ya ji sakamako da safe. Ba ƙungiyar da ta kai ran ɗanmu. Na huɗu, a tuna da na gida. Ƙungiyoyin samari na Batsari da Safana da ƙauyukansu suna buga wasa a filayen makaranta da yamma, wani lokaci ƙwallo ɗaya gare su. Zuwa kallonsu ba ya cin ko sisi, kuma su ne suka san fuskar mai tafa masu ranar da aka ci su.

Samarin nan biyu da muka fara da labarinsu, dattawa sun zaunar da su. Ba a tilasta wa kowa ya canza riga ba. An dai ce wa na farkon ya je ya ɗauko rigar da ya jefar, tunda da kuɗin guminsa ya saye ta, aka ce wa na biyun ya janye kalmar da ya faɗa, tunda ta fi laifin girma. Suka yi musafaha a gaban iyayensu. Mun ji an ce har yanzu suna gardama duk ranar Asabar, amma tare suke tafiya gidan kallo, tare suke dawowa.

Allah ya ba 'ya'yanmu zuciyar da ke iya tsayawa ranar faɗuwa, ya ba ƙasarmu zaman lafiya. Amin.